Awa Bakwai da Ban Sa a Lissafi Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya nesanta sasanninta, ya sanya wa rana mafita da mafaɗa, har ya zamana asubahin wasu shi ne tsakar daren wasu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ni dattijo ne, asalina Zariya. Fiye da shekara ashirin ke nan ina limancin wani ƙaramin masallaci a bayan layin masu tayil na kasuwar Dei-Dei, a Abuja, kuma bayan sallar asuba nakan karantar da 'yan kasuwa fiƙihu kafin su buɗe shaguna. Ban yi zaton zan rubuta labarin tafiya da tsufana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuskuren lissafi da na yi, wanda nake tsoron wani uba ya maimaita shi.

A gidan da na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Balle nawa, da aka sanya masa sunan mahaifina, kunyar ta zama biyu. Shekara talatin da takwas ban furta sunansa ba. Idan zan kira shi sai in ce "kai," idan zan ambace shi sai in ce "yaron nan." Jama'a kuwa Abba suke ce masa. Fataucin tayil yake yi, yana sarowa daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Shekara uku kafin wannan tafiya mahaifiyarsa ta rasu da hantsi, shi kuma yana can. Ya bugo waya yana kuka.

"Baba, don girman Allah ku jira ni. Awa goma sha biyar ce kawai a jirgi."

Na ce, "Ba a ajiye mamaci don mai rai. Sunna ita ce a gaggauta." Na kashe wayar. Bayan la'asar muka kai ta makwancinta.

Sai a rana ta uku ya iso. Ya tarar da zaure cike da masu ta'aziyya, ya tsaya a tsaye bai durƙusa ba, ya ce, "Kun binne ta kamar dama jira kuke yi." Na ce masa, "Fita. Kada ka ƙara tako mini zaure." Ya fita. Daga baya ya aiko manya, ya aiko ƙanana, ban amsa wa kowa ba. Yakan yi salla a bayana a sahun ƙarshe, kafin in juyo ya sulale.

Ran nan wani Bakano mai suna Sani, wanda yake yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a Guangzhou, ya bugo mini. Ya ce yaron ya faɗi a cikin wani kamfanin tayil, likitoci sun ce jijiyar zuciya ce, sai an buɗe ƙirji. Za su ba shi magani na kwanaki har jikinsa ya iya ɗauka, sa'annan a yi aikin ranar Alhamis ta sama, ƙarfe biyu na rana. Na rubuta a takarda: Alhamis, ƙarfe biyu. Sai ya miƙa wa yaron wayar. Muryar da na ji ba irin wadda na kora daga zaure ba ce. Ta yi ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Baba, ka yafe mini."

Ya Allah, kalma uku kawai ake nema a wurina. Amma a tarbiyyar da na samu, ɗan da ya yi wa ubansa laifi a gaban jama'a zuwa yake yi ya durƙusa, uba ya ɗora masa hannu a ka. Tun da shi ba zai iya zuwa ba, na ce ni zan je, kuma na ɗauki hakan a matsayin iyakar sassauci. Na ce masa, "Abin da aka ɓata a gaban ido, a gaban ido ake gyara shi. Ina nan zuwa." A raina na ce, ai awa goma sha biyar ce kawai. Ban lura cewa maganarsa ce ta dawo bakina ba. Na kira abin ladabi. Girman kai ne ya sa rawani.

Kwana shida na yi ina kai-kawo tsakanin Dei-Dei da Maitama kafin takardun izinin shiga ƙasar Sin su fito. Tikiti kuwa wani dillali a Mararaba, wai shi Ɗanlami, ya yankar mini. Ya nuna mini da yatsa: kusan awa biyar zuwa Addis Ababa, ɗan hutu na awa huɗu, sai awa goma da rabi zuwa Guangzhou. "Ranka ya daɗe, Talata za ka tashi, Laraba kana gefen gadonsa. Ka sa mu a addu'a." Na sa shi, Allah shi ne shaida.

Zangon farko shi ne Addis Ababa. Mun sauka bayan isha'i, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Na bi sahun mutane har wani teburi, na miƙa takardata. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa, ta girgiza kai, ta yi magana da Turanci. Na gwada Larabci, ba ta ji. Mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Sai na ji wata murya mai ƙarfi daga gefe:

"Baba! Ba kai ne baban Abba ba? Kai ne yana yi salla a bayan layin tayil!"

Wata mace ce kakkaura, Inyamura, da ƙatuwar jaka a kafaɗa. Madam Uche ake ce mata. Shagonta na kallon na yaron a kasuwa. Na sha jin muryarta tana faɗa da masu ɗaukar kaya, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. Ta karɓi takardar ba tare da ta nemi izini ba, ta karanta, ta kama haɓa.

"Baba, jirgin naka ba na yau ba ne. Na gobe da dare ne. Wane ne ya sayar maka?"

Na faɗa mata.

"Oga Ɗanlami na Mararaba? Kai! Wannan mutum, ko maciji ya ga shi zai canza hanya. Ya saya mai araha, ya ce maka mai tsada. Ni ma na gobe ne, amma ni na sani, na zo da abincina."

Ta roƙi ma'aikaciyar ko da kujera a jirgin daren nan. Babu. Irin tikitin nawa kuma ba shi da masauki. Ta buga wa Ɗanlami, wayarsa a kashe. Tawa kuwa ƙarama ce mai madannai, tun da muka bar Abuja ta zama dutse a aljihu. Na yi wa matar godiya a taƙaice, irin godiyar da ke nufin a rabu, na nemi ɗakin salla na shige.

A nan na kwana a kan darduma, a nan na wuni. Filin jirgi wuri ne da ba shi da dare ba shi da rana; fitila ɗaya ce, murya ɗaya ce ke ta kiran sunayen garuruwa. Na ga mutane iri-iri suna shigowa su yi raka'a biyu su fita, kowa da inda ake jiransa. Na tuna ɗalibaina, ko wa ya ja su salla. Na yi kewar kunun da ake aiko mini daga maƙwabta, da ƙarar manyan motoci masu sauke siminti, wadda a gida nake ƙorafi a kanta. Agogon hannuna na bar shi a kan lokacin Abuja, domin shekara da shekaru ni nake daidaita shi da inuwar masallaci, ban yarda wani allo ya gyara mini shi ba. Salla kuwa da rana nake auna ta, ta gilashin taga.

Amma hankalina bai tashi sosai ba, domin na sake lissafi a bayan takardar, kuma lissafin ya yi mini daɗi.

Bayan la'asar ta Laraba na fito na zauna a wata kujera. Sai ga Madam Uche da kofin shayi da burodi.

"Baba, tun jiya ban ga ka ci komai ba. Ka ci. Babu alade a ciki, na rantse."

Na karɓa. Ta zauna, ta bar kujera ɗaya a tsakaninmu, abin da ya nuna mini tana da hankali fiye da yadda na ɗauka. Ta ga takardar a cinyata ta tambaye ni mene ne nake rubutawa. Na karanta mata kamar yadda nake karanta wa ɗalibai rabon gado.

"Jirgi zai tashi ƙarfe goma na dare a agogona. Awa goma da rabi a sama. Mu sauka takwas da rabi na safiyar Alhamis. Aiki kuwa sai ƙarfe biyu na rana. Ina da awa biyar da rabi a hannu. Ko dillali ya cuce ni, Allah bai bar ni ba."

Macen da muryarta ke cika layin tayil ta yi shiru, ta ajiye kofinta a ƙasa a hankali. Shirun nan ya fi duk abin da na ji a tafiyar ban tsoro.

"Baba," ta ce, "ƙarfe biyu na wane gari?"

Na dube ta.

"Guangzhou yana gaba da Abuja da awa bakwai. In agogonka ya ce takwas da rabi na safe, a can uku da rabi ne na yamma. Ƙarfe biyu nasu, bakwai ne na safe a hannunka. Lokacin muna sama."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin kujerar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba jahilci ba ne. Shekara arba'in ina karantar da cewa rana tana riga fitowa a gabas, ina warware saɓanin malamai a kan ganin wata a ƙasashe manisanta. Na yi aikin Hajji, na san Makka tana riga mu salla. A nan Addis ɗin ma tun jiya nake ganin rana ta saɓa wa agogona da awa biyu. Ilimin yana nan a ka, amma bai sauko cikin lissafi ba, domin zuciya ta riga ta zaɓi amsar da take so. Awa ɗaya da rabi zan makara. Da zan makara da kwana goma, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Babu wani jirgi?"

"Babu, Baba. Sai dai waya."

Tana da lambar Sani, domin shi ne tafintanta ita ma. Ta buga sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ta ce yanzu a can tara da rabi ne na dare, wataƙila yana cikin asibiti inda ba a barin waya, wataƙila caji ya ƙare. Akwai wataƙila ta uku, wadda ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

"Za mu yi saƙon murya. In ya buɗe waya zai gani, ya sa wa Abba a kunne. Me kake so ka gaya masa?"

Dole na ba ta labarin, ni da ban taɓa ba aminina shi ba. Ta saurara, ta kai ni wani lungu kusa da taga, ta riƙe wayar a saitin bakina, ta danna.

Na fara da hamdala da salati. Na kawo abin da ya zo a kan haƙƙin iyaye, na kawo abin da ya zo a kan falalar haƙuri da cuta. Ina shirin shiga maganar tuba sai ta ɗaga yatsa, ta goge.

"Baba, wannan huɗuba ne. Yaro yana kwance, ba Juma'a ya zo ba. Ka sake."

Babu wanda ya taɓa katse mini magana tun rasuwar malamina. Na haɗiye. Ta sake dannawa. Na ce, "Sani, ka gaya wa yaron nan cewa..."

Ta sake gogewa. "Wane yaro? Yara nawa ne a asibitin? Ba shi da suna?"

Na yi mata bayanin al'adarmu, cewa ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ne. Ta saurara har ƙarshe, sa'annan ta ce, "Na ji, al'ada mai kyau ne. Amma Baba, kai ne ka ba shi sunan, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa amfani da shi ba. Gobe za su yanka ƙirjinsa. In kana ajiye sunan don wata rana, ranar ya zo."

Na juya na fuskanci taga. Jirage na ta sauka suna tashi, rana ta yi ja a kan duwatsu. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Na sha karanta wa mamata addu'a ba tare da murya ta girgiza ba, amma wannan kalma ɗaya ta nemi ta gagare ni. Da ƙyar ta fito.

"Abdulƙadir. Ni ne. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka, Abdulƙadir."

Ta saki yatsa. Saƙon ya tafi. Ta juya baya tana neman wani abu a jakarta wanda na tabbata babu shi.

Daga nan har aka kira jirgi, kowane ɗan lokaci sai ta ciro wayar ta duba, ta mayar. A bakin ƙofar jirgin ta duba na ƙarshe, ta girgiza kai, ta kashe.

Zango na biyu ba shi da ƙasa. A bayan kujerar da ke gabana akwai ɗan allo mai nuna taswira, da hoton jirgi ƙarami kamar ƙuda yana rarrafe a kan teku, da lambobi masu faɗin abin da ya rage. An ce tsakanin Abuja da Guangzhou, a miƙe, ya haura kilomita dubu goma sha ɗaya. Na auna shi da ma'aunin da na sani: tafiyar da ake yi wa ƙasaru ita ce ta yini biyu ga raƙumi mai kaya, wannan kuwa ta ninka ta kusan sau ɗari da arba'in. Ayari zai yi wata tara a hanya. Mutanen da, da suka san haka, ba su barin gida sai sun nemi gafarar kowa, domin sun san nisa ƙanen mutuwa ne. Mu kuwa jirgi ya ruɗe mu. Ya naɗe mana ƙasa, sai muka zaci ya naɗe mana ajali.

An kashe fitilu, mutane suka yi barci bakuna a buɗe, jere-jere, lulluɓe da barguna iri ɗaya. Ban so kamannin da suka yi mini ba. Na ɗaga murfin taga kaɗan. Agogona na cewa ƙarfe biyun dare, amma ga alfijir ya keto a gabanmu, jan layi siriri kamar yankan wuƙa. Na yi sallar asuba a zaune da ishara. Ban daɗe da shafa addu'a ba rana ta ɗago, ta yi tsalle zuwa hantsi. Ban taɓa ganin yini mai gaggawa irin wannan ba. Muna gudu zuwa gare shi, yana gudu zuwa gare mu, kuma kowane taku daga cikin rabona ake yankarsa. A nan na ga awa bakwai ɗin da idona, ana cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Aka kawo abinci, ban taɓa ba. Na riƙe carbi, amma idona na kan agogo. Shida. Shida da rabi. Da allura ta hau bakwai daidai, na dubi allon: muna bisa wasu duwatsu da ban san sunansu ba, saura awa ɗaya da rabi. A daidai wannan lokaci, a ƙarƙashin ranar da nake gani ta taga, ana tura gadon ɗana zuwa wani ɗaki. Ko ya ji? Ko ya shiga da maganata ta ƙarshe a kunnensa, cewa ina nan zuwa? Na roƙi Allah abu biyu. Da na ji nauyin roƙon ya yi mini yawa, na ce: Ya Ubangiji, idan ɗaya za ka ba ni, ka sa ya ji.

Zango na uku shi ne Guangzhou. Muka sauka cikin wani hazo mai ɗumi, sama fara fat, ba a gane inda rana take. Layin duba fasfo ya yi tsawo, yana lanƙwasa kamar hanji. Kusan awa guda muka yi a ciki. A wajen ɗaukar kaya Madam Uche ta kunna waya. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Ta duba, ta dube ni, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Daga Sani ne. Tun ƙarfe ɗaya na rana ya shigo."

Ta danna, na kara a kunne. Ba Sani ba ne.

"Baba, na ji. Sau huɗu na sa Sani ya maimaita mini. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Ashe haka yake." Ya ja numfashi. "Ba ka yi mini komai ba, amma tun da ka nema, na yafe. Maganar Inna kuma, kun yi daidai. Hanyar nan ta fi yadda nake faɗa nisa. Ga su nan sun zo da gadon. Sai ka iso, Baba."

Na zauna a kan akwatin wani.

Madam Uche ta bar kayanta a hannun wani abokin cinikinta, ta tare mota, ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Hanyoyi a kan hanyoyi, gine-gine har cikin hazo, rubutu ko'ina wanda ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, ni da ake kawo wa tsofaffin takardu in warware. Ta yi ta buga wa Sani. Wayar na shiga, ba a ɗauka. Ta ce, "Ka san aikin zuciya yana daɗewa, Baba." Na ce, "Haka ne."

Gab da magariba muka isa asibitin. Aka hau da mu bene na bakwai. Da ƙofa ta buɗe, sai na hangi Hausawa shida a ƙarshen barandar. Ga kujeru nan jere babu kowa a kai, su kuwa suna zaune a ƙasa, sun jingina da bango, sun tuɓe takalma. Na san wannan zama. Na yi shekara arba'in ina shiga irinsa ina cewa a yi haƙuri. Ba sai an gaya mini ba.

Wani siriri a cikinsu ya taso ya durƙusa a gabana. "Malam, ni ne Sani. Sai haƙuri. Wajen ƙarfe huɗu, ana cikin aikin."

Ƙarfe huɗu ina cikin layi, riƙe da fasfo, a gari ɗaya da shi.

Na ce abin da ake cewa. Sa'annan na tambaye shi yadda saƙon ya isa. Ya ce a barandar ya kwana, waya ba caji, sai da hantsi ya samu ya kunna. Da farko an hana shi shiga, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ga yana kuka, ta ba shi minti goma. "Malam, da ya ji, sai ya ce in mayar farkon. Ba ƙarshen yake so ba, farkon. Da suka tura shi yana murmushi."

Kwana biyar aka yi kafin takardun binnewa su kammala. Ni da na ƙi jiran dare ɗaya, aka sa ni jiran biyar, kuma babu wanda zan yi wa fatawa. Har gobe ban ce na yi kuskure a hukuncin mahaifiyarsa ba. Gaggauta jana'iza sunna ce. Amma a cikin kwanakin nan na gane cewa ana iya faɗin gaskiya ba tare da an kashe waya ba. Musulmin garin suka tsaya mana. Limaminsu, wani tsoho mai ɗan gemu fari, ba ya jin Hausa, ba na jin harshensa, sai muka haɗu a Larabcin littafi, muna magana kamar shafi biyu. Shi ya riƙe mini buta na yi wa ɗana wanka. Na ga ɗinkin a ƙirjinsa. Na ɗora masa hannu a ka, kamar yadda na ƙudura tun daga Abuja. Da za a yi salla limamin ya ja da baya, ya tura ni gaba. Bayan an rufe kabarin na yi masa addu'a da sunansa, da ƙarfi, har na sahun baya suka ji.

A hanyar dawowa jirgi ya bi rana yamma, yini ya ƙi ƙarewa. Da muka sauka Abuja na dubi agogona, ya yi daidai da na bango, ko minti bai saɓa ba. An mayar mini da awa bakwai ɗina cif. Ban san abin da zan yi da su ba.

Ɗanlami na bar shi da Allah. Laifinsa na kwana ɗaya ne, nawa na shekara uku. Madam Uche ta sa aka saya mini waya mai allo, ta zuba mini saƙon a ciki, ta koya mini inda ake dannawa. Yanzu idan na wuce ta ƙofar shagonta nakan tsaya mu gaisa, ɗalibai na mamaki. Bayan asuba kuwa, idan sun watse, nakan kara wayar a kunne in ji ya ce, "Sai ka iso, Baba." Nakan amsa masa da sunansa, in ce ina nan tafe, kuma wannan karon ban yi lissafin awa ba.

Ya kai mai karatu, idan akwai wanda yake jiran kalma a bakinka, kada ka auna nisan da ke tsakaninku da agogon hannunka. Allah ya jiƙan Abdulƙadir da mahaifiyarsa, ya saka wa duk wanda ya taimaki baƙo a hanya da mafificin alheri. Allah ya yi maka albarka, kai da iyalan gidanka, na kusa da na nesa. Ya dawo muku da matafiyanku lafiya, ya sa kada rana ta faɗi a kan ɗayanku yana riƙe da yafiyar da ake jira. Amin.